Laftof ba ta riƙe caji: batir ne ya tsufa, ko wani abu ke shanye shi?

"Ba ta riƙe caji." Da wuya mai gyaran kwamfuta ya wuni a shago bai ji wannan magana ba, kuma amsar da ta fi saurin fitowa ita ce a sauya batir. Wani lokaci amsar daidai take. Amma sau da yawa mutum kan biya kuɗin sabo, ya koma gida, ya tarar abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Ƙorafin ɗaya ne, amma ciwo biyu ne a ƙarƙashinsa, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan komai.

A ɗauki batir kamar randa. Ruwa na iya ƙarewa da wuri saboda laka ta taru a gindinta har abin da take ɗauka ya ragu. Yana kuma iya ƙarewa saboda masu ɗiba sun yi yawa. Na farko shi ne tsufan batir, kuma ba ya komawa baya. Na biyu shi ne yawan cin wuta, wanda galibi ana gyara shi ba tare da an kashe ko kwabo ba. Kafin a taɓa aljihu sai an san wanne ne a ciki.

Duk batirin laftof yana ɗauke da wata lamba mai haruffan Wh a gefenta, misali 46Wh ko 57Wh. Batir mai 46Wh zai iya ba da wuta wat 46 na tsawon awa ɗaya, ko wat 23 na awa biyu, ko wat 10 na awa huɗu da rabi da 'yan mintoci. Ke nan babu batirin da za a ce "na awa biyar ne" haka kawai. Awannin suna fitowa ne idan aka raba abin da ke cikin batir da abin da kwamfutar ke ci. Kwamfutar ofis, idan rubutu kawai ake yi kuma hasken allo bai yi yawa ba, tana iya tsayawa tsakanin wat 6 zuwa 10. Da an shiga taron Zoom da kyamara a kunne, cin kan ninka. Mai haɗa bidiyo da mai wasan gem kuwa ba a maganarsu, su kusa da soket ya kamata su zauna.

Masu sayarwa sun fi son ambaton mAh saboda lambar ta fi cika kunne, amma ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an haɗa ta da bolt ɗin batirin. Batirin laftof mai mAh 4,000 a kan bolt 11.4 ya kai kusan 46Wh, alhali na waya mai mAh 5,000 a kan bolt 3.85 bai wuce 19Wh da 'yan kai ba. A riƙe wannan 19 ɗin, za ta yi mana amfani a gaba. Af, idan ka taɓa mamakin abin da ya sa ko laftof mafi tsada ba ta wuce 100Wh, dokar jiragen sama ce: batirin da ya haura haka sai da izinin kamfanin jirgi ake shiga da shi, shi ya sa masu ƙerawa ke tsayawa dab da ɗari.

Awo kafin saye

A Windows akwai wani rahoto da mutane da yawa ba su san da zamansa ba. Ka danna Start, ka rubuta cmd, ka buɗe baƙin allon nan, sannan ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Nan take zai ajiye fayil mai suna battery-report.html, ya kuma nuna maka inda ya ajiye shi. Idan ka buɗe shi a burauza, layi biyu ne suka fi komai muhimmanci. Design Capacity shi ne abin da batirin ke ɗauka ranar da ya bar masana'anta. Full Charge Capacity shi ne abin da yake iya ɗauka yau idan ya cika maƙil. Da mWh ake rubuta su, sai a raba da dubu a samu Wh.

A ce na farko 46,000 ne, na biyu kuma 21,000. Batirin nan ya rasa fiye da rabinsa, kuma 100% ɗin da kake gani a kusurwar allo cikar 21 ce, ba ta 46 ba. Ko ka rufe duk wata manhaja, ba zai ba ka abin da ba shi da shi ba. Idan kuwa na biyun ya kai 40,000 amma kwamfutar tana mutuwa cikin awa ɗaya da rabi, lissafi ya nuna tana cin kusan wat 27, abin da ya yi wa kwamfutar ofis yawa matuƙa. A nan sabon batir asarar kuɗi ce. A ganina, batirin da ke sama da kashi 80 na asalinsa ba shi ne mai laifi ba. Tsakanin 60 da 80 ana lallaɓawa. Ƙasa da haka a fara tanadin kuɗin wani.

Wannan awon ya fi zama dole ga mai sayen kwamfutar gwanjo, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad da suka cika hannun ɗalibai da ma'aikata. Injina ne masu ƙwari, amma a duba shekarunsu: EliteBook 840 G3 ta fito a 2016, ThinkPad T480 a 2018. Kafin su iso Computer Village a Legas ko titin Beirut a Kano, da yawansu sun shafe shekaru a kan teburin wani ofis a Turai ko Amurka, a jone da wuta dare da rana. Shi ya sa za ka ga layin Cycle Count na rahoton, wato adadin zagayen cajin da batirin ya yi, ya nuna lamba kaɗan, mai kaya ya nuna maka yana alfahari, alhali batirin ya tsufa a zaune. Zagaye ɗaya a wannan lissafi shi ne shan caji daidai da cikar batir ɗaya, ko a zama ɗaya ko a rarrabe: ka sha rabi yau ka cika, ka sha rabi gobe, zagaye ɗaya ke nan. Apple ya ce batirin MacBook na zamani an yi shi ne ya riƙe har kashi 80 bayan zagaye 1,000. Amma zagaye rabin labari ne, shekaru da zafi su ne sauran. Mai T480 kuma ya lura, irinta tana iya zuwa da batir biyu, na ciki da na waje mai cirewa, sai a duba kowanne daban.

Mai MacBook zai samu nasa bayanin a System Information ƙarƙashin Power. A Dell, danna F2 yayin kunnawa yana kai ka BIOS, wato shafin saitin injin da ke buɗewa kafin Windows ta tashi, inda ake rubuta lafiyar batir ƙarara.

Akwai kuma kwamfutar da ke nuna saura kashi 30 ko 40, sai kawai ta ɗauke ɗif. Batirin laftof ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙwayoyi ne biyu, uku, huɗu ko shida a haɗe, da wani ɗan allon lantarki da ke gadinsu. Idan ɗaya ta raunana, da zarar kwamfutar ta nemi wuta da yawa sai ƙarfin wannan ƙwayar ya faɗi, mai gadin ya yanke wutar gaba ɗaya, ko da sauran suna da saura. Wannan sai sauyi. Wani lokaci kuma ma'aunin ne ya rikice. Gwajinsa shi ne a cika batir, a yi aiki har kwamfutar ta kusa mutuwa, sannan a sake cikawa ba tare da yankewa ba. Idan bayan haka lambobin suka daidaita, to ma'auni ne. Sai dai a sani wannan lissafi kawai yake gyarawa, ba ya ƙara wa batir ko ɗigo, don haka ba abin yi ba ne kowane mako.

Idan batirin lafiyarsa ƙalau

To, sai a nemi masu ɗiba. A aikin yau da kullum allo na cikin manyan masu cin wuta, kuma shi ya fi sauƙin magani: sauko da haske daga ƙololuwa zuwa rabi ko ƙasa yana iya sayo maka lokaci mai tsoka. Masu allon da ke sabunta hoto sau 120 ko 144 a daƙiƙa su mayar da shi 60 idan ba a jone suke ba. Mayar da bangon allo baƙi da ake cewa yana adana caji kuwa, a allon OLED ne yake yin haka, domin shi kowane ɗigo da kansa yake haskawa. Galibin kwamfutocin gwanjo LCD ne, fitilar bayansa a kunne take ko baƙi ake nunawa ko fari.

Daga nan sai a danna Ctrl da Shift da Esc tare a buɗe Task Manager, a bar kwamfutar ta yi shiru na ɗan lokaci, a ga abin da layin CPU, wato firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ke nunawa. Idan ba ka aikin komai ya kamata ya sauko ƙasa sosai. Idan ya tsaya a kashi 20 ko 30, fanka na ta juyawa, wani abu na aiki a bayan fage, kuma jerin zai nuna sunansa. Sau tari burauza ce da shafuka talatin a buɗe, kowanne da tallarsa mai motsi. Chrome da Edge duk suna da saitin da ke sa shafukan da ba a kallo su yi barci, a kunna shi. A leƙa ɓangaren Startup na Task Manager ma, a kashe manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta ba tare da an gayyace su ba. Bidiyo kuma, sauko da shi daga 1080 zuwa 480 yana rage cin wuta da cin data a lokaci guda.

Abu biyu ne na fi zargi a kwamfutocin da aka yi wa "fomat" a shago. Na farko, a ɗora Windows daga filashi a miƙa wa mai ita ba tare da an sa direbobin injin ba, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta iya sarrafa kowane sashe nasa. Alamarsa ita ce ka buɗe Device Manager ka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter a maimakon Intel ko AMD, wani lokaci ma hasken allo ya ƙi raguwa. A wannan hali aikin hoto da ya kamata wani sashe na musamman ya yi cikin sauƙi, firosesa ce ke ɗaukarsa da ƙarfin tsiya. Maganinsa a shiga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar a sauke direbobin samfurinta. Na biyu shi ne manhajojin sata da ake zubawa kyauta. Wasunsu suna zuwa da ɓoyayyen shiri mai haƙar kuɗin kirifto wa wani can, da wutarka da injinka. Kwamfutar da ke zafi tana huci alhali ba a taɓa ta ba, a bincike ta.

Yanzu ga 19 ɗin nan. Idan aka ɗauke wuta, laftof kan koma gidan cajin iyali, kowa ya kawo wayarsa ya soka. Waya mai mAh 5,000, irin da yawa daga cikin Tecno da Infinix da ke hannun mutane, tana buƙatar kusan 19Wh kafin ta cika, ban da abin da ke salwanta a hanya ya zama zafi. A kwamfuta mai 46Wh kusan rabin batir ke nan waya ɗaya ta tafi da shi. A wadda ta koma 21Wh kuwa, wayar ta kwashe duka. Ba laifi ba ne a yi hakan idan wayar ta fi muhimmanci a lokacin, amma kada a zo daga baya ana zargin batir. Wasu kwamfutocin ma suna da ramin USB da ke ci gaba da ba da wuta ko an kashe su. A ThinkPad sunan saitin Always On USB, a Dell PowerShare, kuma ana iya kashe su a BIOS.

Ƙorafin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne na wanda ya rufe kwamfuta da dare tana kashi 80, ya buɗe da safe ya tarar da 35, wani lokaci ma jakar da ɗumi. Rufe murfi ba kashewa ba ne, barci ne, kuma barcin iri biyu ne. A tsohon tsari, wanda ake kira S3, kusan komai na mutuwa in ban da RAM, ma'ajiyar wucin gadi da ke riƙe aikin da ka bari a buɗe. A sabon tsarin da Microsoft ya kira Modern Standby, kwamfutar tana kwanciya ne da ido ɗaya a buɗe irin na waya, tana iya ci gaba da hulɗa da intanet tana karɓar saƙo da sabuntawa. Idan komai ya tafi daidai cin kaɗan ne. Idan wani direba ko wata manhaja ta hana ta nutsuwa, sai ta kwana tana aiki a cikin jaka, ga asarar caji, ga zafi. Rubuta powercfg /a zai gaya maka irin barcin da taka ke yi: idan ka ga S0 Low Power Idle, sabon tsarin ne, kuma powercfg /sleepstudy zai fitar da rahoton abin da ya hana ta barci. Hanya mafi sauƙi dai ita ce Hibernate, wanda ke kwashe aikinka ya ajiye a faifai sannan ya kashe injin gaba ɗaya. Ana kunna shi a Power Options cikin Control Panel, har ana iya saita shi ya zama abin da rufe murfi ke yi. Tashinsa ya fi na barci jinkiri da 'yan daƙiƙoƙi, amma ga mai shiga mota ko Keke Napep da kwamfuta a baya, ni shi na fi yarda da shi.

Sauran ƙananan masu ɗiba sanannu ne: fitilar madannai, Bluetooth da ba a amfani da shi, modem da faifan waje da aka bari a soke, da saitin Best performance da aka manta a kai maimakon Balanced ko Best power efficiency. Mai tsohon faifai mai juyawa kuma, komawa SSD, ma'ajiyar da babu abin da ke juyawa a cikinta, zai ba shi sauri da ɗan sauƙin cin wuta.

Abin da ke tsufar da shi

A cikin kowace ƙwaya, litiyam yana kai-komo ne tsakanin ɓangarori biyu ta cikin wani ruwan sinadari. Idan ana caji ya tafi ɓangaren girafait, idan ana aiki ya dawo. A kowace tafiya, kai ko babu tafiya, wani ɗan kaso nasa yana haɗuwa da ruwan ya zama siririn ɓawo a jikin girafait ɗin, ya maƙale ke nan har abada. Litiyam mai aiki yana raguwa, hanyar wucewa tana ƙara tsauri. Babu manhajar da ke mayar da wannan baya, duk wadda ta ce tana "gyara batir" ƙarya take yi. Abin da ke hannunmu shi ne saurin da abin ke tafiya, kuma abu biyu ne suka fi ingiza shi: zafi, da daɗewa a cike maƙil. Idan suka haɗu sun fi kowanne shi kaɗai ɓarna nesa ba kusa ba.

Zafi ne babba. Masana sinadarai suna da wani ƙiyasi na gaba ɗaya cewa ƙarin maki 10 a ma'aunin zafi kan kusan ninka saurin irin waɗannan sauye-sauye. Apple ya rubuta cewa MacBook an yi ta ne don wurin da zafinsa ke tsakanin maki 10 da 35, kuma abin da ya haura 35 na iya rage ƙarfin batir ragi na dindindin. A watan Afrilu kuwa Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Njamena suna wuce 40 a inuwa, kafin ma injin ya ƙara nasa zafin. Ke nan batirin da zai yi shekara huɗu a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba lallai ya kai haka a ɗakin kwano ba, kuma wannan ba ha'incin mai kaya ba ne. Ba za mu sauya yanayi ba, amma da sauran abin yi. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo ko kafet, domin ta ƙasa da gefe take shaƙar iska. A sa ta kan tebur ko faranti, a ɗan ɗaga bayanta. Kada a bar ta cikin mota a rana ko na awa ɗaya ne. Idan da zaɓi, a yi caji da dare ko da sassafe, ba da tsakar rana ana tsaka da aiki mai nauyi ba, tunda cajin kansa yana haifar da zafi.

Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon. Takan toshe fanka da ƙarfen sanyaya, sai zafin da ya kamata ya fita ya tsaya a ciki, dab da batir. Buɗe kwamfuta a busa ta sau ɗaya a shekara bayan hazo ya wuce, a kuma sabunta man da ke kan firosesa idan ya bushe, aiki ne mai araha da ke taimakon injin da batir tare.

Sai zaman cike. Laftof ba ta yin abin da mutane ke kira cajin da ya wuce kima, da batir ya cika mai gadin nan yake tsayar da shi. Matsalar ita ce ƙwayar da ke cike tana zaune a kan bolt 4.2, a wasu sababbin ma 4.35 ko 4.4, kuma a wannan matsayi ne ɓawon nan ya fi saurin girma. Kamfanonin sun san haka, shi ya sa suka sa hanyar taƙaita caji. A Lenovo Vantage akwai Conservation Mode, a ThinkPad kuma kai za ka zaɓi inda caji zai fara da inda zai tsaya. MyASUS yana ba da zaɓin tsayawa a 80 ko 60. Dell na da Primarily AC Use a BIOS, kwamfutocin ofis na HP kuma suna da Battery Health Manager, wanda ake shiga ta danna F10. Wani ya sayi gwanjo ya ga caji ya ƙi wuce 80 ko 60 ya ɗauka batir ya lalace, alhali tsohon mai ita ne ya kunna wannan saitin.

A nan ne shawarar da ake karantawa a intanet ke cin karo da halin da ake ciki. Masu cewa kada ka wuce kashi 80 suna magana ne daga inda wuta ba ta ɗaukewa. Wanda NEPA ke ba shi awa huɗu a rana, wannan kashi 20 da za a hana shi na iya zama minti arba'in na aikin da zai ci abinci da shi. Ra'ayina shi ne a duba yadda mutum ke aiki. Mai sola ko inbata, ko ma'aikacin da kwamfutarsa ke wuni a jone a ofis, ya kunna taƙaitawar, babu abin da ya rasa. Wanda kuma kullum sai ya sha batirinsa, ya cika shi ɗari ba tare da fargaba ba, domin batirin da ya cika aka fara shan sa bayan awa ɗaya ko biyu bai daɗe a sama ba. Abin gudu shi ne cike, a jone, a cikin zafi, kwana da kwanaki.

Ɗaya gefen ma da haɗari. Shan batir har ya mutu kullum yana gajiyar da shi, gara a jona idan ya kai wajen kashi 20. Mafi muni shi ne a bar shi a sifili a jefa kwamfutar cikin akwati wata uku, kamar yadda ɗalibai ke yi lokacin dogon hutu ko yajin aiki. Batir yana zubar da caji a hankali ko ba a taɓa shi ba, idan ƙwayoyin suka faɗi ƙasa da iyaka mai gadin na iya kulle shi ya ƙi karɓar caji kwata-kwata. Idan za a ajiye, a bar shi wajen rabi, a kashe kwamfutar kashewa ta gaske, a sa ta wuri mai sanyi, a riƙa waiwayarta. Maganar cewa sabon batir sai an yi masa cajin awa takwas, ko sai an shanye shi tas kafin a sake jonawa, gado ce daga zamanin batiran nikel. Na litiyam, wanda Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ba ya buƙatar ko ɗaya.

Caja ma a dube ta. Ta asali za ka ga an rubuta 100-240V a jikinta, don haka raunin wuta bai cika damunta ba. Abin tsoro shi ne tsallen da wuta ke yi lokacin da aka dawo da ita ko ana tayar da janareta, gara a zare caja a jira ta daidaita. Cajar da wat ɗinta bai kai ba, misali mai 45 a injin da ke son 65, za ta yi caji a hankali, idan aiki ya yi nauyi ma ka ga batir na raguwa alhali a jone yake. Cajojin Dell da HP masu zagayen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya da kwamfutar ke gane su da ita. Idan ta karye ko cajar jabu ce, Dell kan rubuta cewa ba ta gane cajar ba, ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudu. Batira da yawa masu lafiya an zubar da su saboda wannan allurar.

Akwai hali ɗaya da ba a jira a cikinsa. Idan wurin shafa yatsa ya fara tasowa ko ya ƙi dannuwa, ko madannai suka yi tudu, ko murfin ƙasa ya fara buɗewa, ko kwamfutar ta daina zama daidai a kan tebur, batir ne ya kumbura saboda iskar gas da ta taru a ciki. A daina cajinsa nan take. Kada a danne shi, kada a huda shi wai don iskar ta fita, hudawa na iya tayar da wuta mai wuyar kashewa. Ko manyan kamfanoni ba sa wasa da wannan: a 2006 Dell ya janye batir miliyan 4.1 da Sony ya ƙera saboda haɗarin gobara, a 2019 kuma Apple ya janye na wasu MacBook Pro masu inci 15. A kai wa mai gyara ya cire shi. Galibin kwamfutoci suna aiki da caja kaɗai kafin a samu wani, sai dai da an ɗauke wuta aikin da ba a adana ba ya tafi.

Idan awo ya tabbatar sai an sauya, a tafi da lambar batirin ba sunan kwamfutar kawai ba, misali CS03XL a jikin na EliteBook 840 G3. A duba ranar ƙerawa idan an rubuta, domin batirin da ya shekara uku a kanta ya fara tsufa tun ba a buɗe shi ba. Kuma kada a dogara da rahoton Windows kaɗai a kan sabon batir, tunda abin da ɗan allon cikinsa ya faɗa shi rahoton ke maimaitawa, mai yin jabu kuma yana iya rubuta lambar da ya ga dama. Agogo ne alƙali: a cika shi, a sa haske rabi, a kunna bidiyon da ke cikin kwamfutar, a ga kashi nawa ya tafi a awa ɗaya. A nemi mai shago ya rubuta kwanakin gwaji a rasit kafin a biya. Tsohon batirin kuma kada a jefa shi bola inda ake cinna wa shara wuta. A liƙe bakin wayoyinsa da salatif, a bar shi wurin mai gyara.